Ƙamshi a Ɗakin Mai Takaba

Maigatari, ranar Laraba

Zuwa ga ƙanwata Safinatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da fama da aikin asibiti. Mu nan sai godiya, ban da zafi da ya sauko da wuri bana. Kumburin ƙafata ya saɓe, ina kuma ɗan taɓa abinci yanzu. Saƙonki na ta'aziyya ya iso, Allah ya bar zumunci. Kakata da kakanki da suka fito ciki ɗaya, da suna raye da sun ji daɗinki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Tun ranar da aka kai Malam makwancinsa wayata take hannun yayarsa, Yaya Kande. Ta ce mai takaba ba ta hira a waya, ita za ta riƙa amsa mini gaisuwa. Ban yi musu ba, lokacin ba ni da bakin musu. Matar Ɗantala direba, abokin aikin Malam, ita ce mai leƙo ni. Ita za ta ba mijinta wannan gobe Alhamis, in sun gama lodin shanun Kalaba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin tuna ganyen nan da kika yanko wa Malam shekarun baya, lokacin da ya kai shanu ya sauka gidanku? Wanda ya naɗo a jiƙaƙƙen tsumma ya ɗora gaban mota? To, yana nan a ɗakina, gefen taga. Ya zama wani ƙaton abu mai dogayen ganye fala-fala kamar bel ɗin wando. Ba a miya da shi, ba a magani da shi, ko kyan gani ba shi da shi. Malam ya sa masa suna 'Yar Kalaba. In ya dawo daga tafiya, kafin ya cire takalmi sai ya tsaya kanta ya duba ganye ɗaya bayan ɗaya. Ruwa safe da yamma, ragowar shayinsa ma nata ne, duk shekara kuma sai ya sake mata tukunya mafi girma, sai da ciwo ya kwantar da shi ya daina. Gidan nan kaf dariya suke masa. Shi kuwa ya ce ya ga hoton furenta a wajenki, fari tas, kuma sai ya gan shi da idonsa. Shekara ta wuce ba komai ya ce baɗi za ta yi. Har Allah ya karɓi abinsa ba ta yi ba.

Da ya rasu, cikin sanyin nan, na manta da ita gaba ɗaya. Wa ke ta ganye? Sai da aka yi makonni na lura ta yamushe, na tausaya mata na fara zuba mata ragowar ruwan alwalata. Safinatu, yanzu ga wasu abubuwa biyu sun fito a gefen ganye. Ɗaya ya kai tsawon yatsa yana ta kumbura, ɗayan bai wuce ƙwayar wake ba. Fure ne ko ciwo ne? In fure ne, me zan yi mata?

Yaya Kande ta ce dangin aguwa ce, wurinta bakin gona, a fitar da ita rana ta sha. Na ce a bar ta inda mai ita ya bar ta. Wannan ce magana ta farko da na mayar mata tun rasuwar, ta kuma dube ni sama da ƙasa.

Ki amsa mini da wuri. A gaida yara.

Yayarki,
Jannatu


Kalaba, ranar Litinin

Yaya Jannatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Malam Ilu, ya sa ya huta. Mu nan lafiya lau, sai ƙaramar da ta yi zazzaɓi, ta kuma warware. An fara ruwa a nan.

Shiru ban ji daga gare ki ba tun rasuwar, shi ya sa na kira wayarki jiya. Hajiya Kande ce ta ɗauka. Abin da ta faɗa mini ya hana ni sukuni, kuma tunda wayar ba ta hannunki, na roƙi wani direba ɗan Gumel ya kawo miki wannan.

Ta ce daren Juma'a, mutanen gida suna kwance a tsakar gida saboda zafi, sai ƙamshi ya tashe su. Suka bi, suka tarar daga tagarki yake fitowa. Ta ce har maƙwabta sun leƙo ta katanga da safe suna tambaya ko amarya aka kawo. Na ce mata turare cikin takaba ba halinki ba ne. Ta rantse mini, ta ce ba ita kaɗai ta ji ba.

Yaya, ni ƙanwarki ce, bai kamata in yi miki faɗa ba. In kayan Malam kike turarawa don ki ji kamar yana kusa, wallahi na fahimta, ba zan ga laifin zuciyarki ba. Amma kin san mutanenmu. Mai takaba da turare cikin dare, abu ɗaya za su fassara, kuma ba za su faɗa a gabanki ba. Ki tuna Allah bai bar miki ɗa a gidan nan ba. Zamanki a ɗakin nan bayan takaba yana hannun dangin Malam ne, in sun ga dama. Kada ki ba su abin da za su riƙe.

Saura kaɗan ki fita. Ki daure, ki kulle turaren a akwati, ki ba Hajiya Kande haƙuri ko da a baki ne. In na faɗi abin da ya ɓata miki rai ki yafe mini, tsoro ne ya sa ni.

Ƙanwarki,
Safinatu


Maigatari, ranar Laraba

Safinatu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, Allah ya ƙara wa ƙaramar sauƙi. Gaisuwar ke nan, don raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba.

Na karanta takardarki sau biyu in tabbatar hannunki ne. Ke ma? Na san tawa ba ta same ki ba, matar Ɗantala ta ce kamiyonsu, babbar motar shanun, ya lalace a hanya sun yi kwanaki a gareji. Amma ko ba takarda, ba ki san ni ba? Ni da ko kwalli ban sa ba tun ranar, ni da nake wanka da sabulun wanki don kada a ce na yi ƙamshi? To, ki ji abin da ya faru, tunda an riga ni kai ƙara.

Ganyenki ne. 'Yar Kalaba ce ta yi fure. Ran Juma'ar nan na yini ina kuka, don na ci karo da hular Malam a ƙarƙashin katifa. Hancina ya toshe, kaina ya yi nauyi, ina idar da sallar isha'i barci ya sace ni. Ba wanda ya taɓa gaya mini da dare abin yake buɗewa. Da asuba bugun ƙofa ya tashe ni. Yaya Kande ce, ta shigo ko sallama babu.

"Ina kaskon?" ta ce.

"Wane kasko, Yaya?"

"Na turaren da kika kwana kina yi. Ƙanena ko ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba!"

Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta buɗe akwatina, ta ɗaga zannuwana tana sunsunawa ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye ina kallonta kamar ba ɗakina ba. Can idona ya kai kan tukunyar. Babban kan furen nan ya buɗe cikin dare ya gama abinsa, ya rufe, ya langaɓe yana reto kamar wuyan kazar da aka yanka. Na ce mata, "Yaya, ga shi nan, wannan ne."

Ta ɗaga shi da yatsa biyu ta sake. "Wannan tsumman? Ganye ne zai tashi unguwa? Jannatu, in za ki yi ƙarya ki yi wadda za ta shiga kunne."

Lokacin ƙamshin ya riga ya tafi, ba ni da abin nunawa. Kafin hantsi magana ta zaga. Mata masu zuwa gaishe ni yanzu da hanci suke shigowa, kina ganin suna jan iska kafin su zauna.

Amma Safinatu, ba zancensu ne ya fi ci mini rai ba. Abin da Malam ya yi shekara da shekaru yana jira ya zo har ɗakinsa, taku biyu daga inda nake kwance, ni kuma ina barci. Duk gidan sun ji ƙamshinsa, maƙwabta sun ji, ban da ni. Wannan ne ya sa na kasa cin abinci ranar.

Ƙaramin kan yana nan, ya fara tsawo. Shi kaɗai ya rage. Ba zan ba kowa haƙuri a kan abin da ban yi ba, kuma wannan karon sai na gani. In kin san yadda ake kula da shi ki gaya mini. In wa'azi za ki ƙara, ki bar takardar a wajenki.

Jannatu


Kalaba, ranar Lahadi

Yayata Jannatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, mu ma haka. Ɗantala ya iso, ya ba ni ta farko, washegari wani ya kawo ta biyu. Na karanta su a jere a ɗakin hutun ma'aikata, na ji kunya ta rufe ni. Ki yafe mini, Yaya. Wallahi na manta da ganyen nan, ban zaci zai rayu a Maigatari ba. Da an ce mini akwai shi a ɗakinki, da tun a waya na ba Hajiya Kande amsa. Mutanen nan sarauniyar dare suke ce mata. Tawa in ta buɗe, har masu wucewa a titi suna tsayawa.

Kada ki yarda a fitar da ita rana. Ana ce mata dangin aguwa don ganyenta mai kauri ne, amma ita a jikin itatuwa take fitowa cikin daji, a inuwa. Ranar Maigatari yini ɗaya za ta dafa ta. Hasken taga ya ishe ta, in rana na shigowa kai tsaye ki rataya yadi mai shara-shara. Kuma tunda ta fitar da kai, kada a matsar da tukunyar, kada ma a juya ta. Ko kaɗan aka canza mata wuri sai ta zubar da kan.

Ruwa kuwa, ki tura yatsa cikin ƙasar. In kin ji danshi ki bari, in ta bushe ki zuba har ya fito ta ƙasa, ki zubar da wanda ya taru. Zafinku ne abin tsoro. Ki jiƙa buhu ki rataya kusa da ita, ki kawo randarki gefenta don ta samu sanyi. In kin ga wasu fararen ƙwari kamar auduga a maƙale a ganye, ki goge su da ruwan sabulu. Kan zai yi dogon wuya ya lanƙwaso sama kamar ƙugiya. Ranar da kika ga ya kumbura, bakinsa ya nuna fari da la'asar, to ranar ce. Ki sha shayi mai kauri, kada ki kwanta.

Akwai abin da na yi ta juyawa ko in faɗa ko in bari. Kin ce kullum Malam yana ba ta ruwa yana sake mata tukunya. Ita kuwa ba ta fure sai tukunya ta matse ta, sai kuma an ƙyale ta da ƙishi lokacin sanyi. Mantawar da kika yi da ita bayan rasuwar, ita ce ta sa ta yi. Laifina ne da ban gaya masa tun farko ba.

Shawarata, ranar da zai buɗe ki kira Hajiya Kande da matan gidan su gani da idonsu. Shi ke nan an wanke ki, kowa ya huta.

Ƙanwarki mai neman afuwa,
Safinatu


Maigatari, ranar Laraba

Ƙanwata Safinatu,

Wa alaikumus salam. Na yafe miki, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Lafiyata ƙalau. Hadari yana haɗuwa ta gabas kullum ya watse, ko ɗigo ba mu samu ba tukuna.

Na yi duk yadda kika ce. Randa ta koma gefenta, buhu yana rataye, ɗakin har ya fi yi mini daɗin zama. Ƙwarin nan na same su a bayan ganye biyu na goge. Kan ya kusa tsawon tafin hannu, ya fara lanƙwasa.

Maganar ruwan nan kuwa, na yini ina jin haushinki, daga baya na koma jin haushin Malam, daga ƙarshe na yi dariya ni kaɗai har da hawaye. Wato da ya rage sonta da ya ga furen. Ai ko kin gaya masa ba zai iya ba. Mutum ne da bai iya ƙyale abin da yake so ba, ni ce shaida.

Shawararki ta kiran mata ta zo a makare, don magana ta wuce nan. Shekaranjiya Baffa Hussaini, ƙanen mahaifin Malam, wanda shi ne babban gidan yanzu, ya zo ya tsaya bakin ƙofata, Yaya Kande na bayansa. Na durƙusa daga ciki na gaishe shi.

Ya ce, "Jannatu, ba mu ce kin yi ba, ba mu ce ba ki yi ba. Kin ce ganye ne. To, in ganyen ne, a fitar da shi bayan gida wajen awaki, magana ta mutu. Ko daga kasko ko daga tukunya, ƙamshi a ɗakin mai takaba bai dace ba."

Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma. An hana ni shafa turare, ban shafa ba. Ba a hana ni numfashi ba."

Yaya Kande ta tafa hannu tana salati. Baffa ya ce ba gardama ya zo yi ba, kafin magariba za a zo a ɗauke ta. Safinatu, ban san daga ina maganar ta zo mini ba, sai ji na yi ina cewa, "To Baffa, a ɗauka. Amma duk inda tukunyar nan ta kwana, nan zan kwana. In bayan gida ne, zan ɗauki tabarmata in shimfiɗa wajen awakin. Gari ya waye a ga mai takabar ɗanku a waje."

Kin san a gidan nan ko ƙofar zaure ba sa bari in leƙa. A ce matar marigayi ta kwana a fili, wannan ya fi turare muni a wajensu. Baffa ya waiga ya dubi Yaya Kande. Sannan ya ce, "Shi ke nan, riƙe abinki. Amma ki zaɓa. Ko ki cire wannan kan da hannunki, kada a sake jin wani ƙamshi, ki ci gaba da zama a ɗakinki har iya rayuwarki. Ko ki bar shi, ranar da kika fita takaba ki ɗauki tukunyarki ki tafi Sule Tankarkar wajen ƙanenki."

Ya juya ya tafi.

Kin ga ko sun gani da idonsu ba abin da zai canza, ƙamshin ne ba sa so. Kuma ni ma ba zan tara mata su tsaya kan furen Malam kamar masu duba kayan sata ba. Tun ranar ko banɗaki zan shiga sai na kulle ƙofata na ɗaure mukullin a bakin zane.

Yayarki,
Jannatu


Kalaba, ranar Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. A tsaye nake rubuta wannan, direban yana jirana a bakin asibiti.

Don girman Allah ki cire kan. Ki sa reza ki yanke shi daga gindi, ba abin da zai samu tsiron. Yanzu kin san sirrinta, ki ƙyale ta da ƙishi in sanyi ya zo, baɗi za ta ba ki uku ko huɗu, lokacin kin fita takaba ba mai cewa komai. In ma ta mutu, zan aiko miki da ganye cike da kwali.

Ki duba abin da za ki bari. Ɗakin da aka kai ki kina amarya, maƙwabtan da kika saba da su, 'yan cinikin ƙuli-ƙulinki na ranar kasuwa. Gidan ƙanenki na san shi, ɗaki biyu ne da yara cike. A tabarmar wa za ki kwana? Duk wannan saboda fure na dare ɗaya, wanda kafin asuba ya mutu?

Na san kin fi su gaskiya. Ina tsoron gaskiyar ta bar ki ba wurin kwana ne. Allah ya sa wannan ta same ki kafin ya buɗe.

Safinatu


Maigatari, ranar Laraba

Ƙanwata Safinatu,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kuna lafiya ke da yara. Ni lafiya lau nake, na daɗe ban ji ƙarfin jikina kamar na kwanakin nan ba. Mun samu ruwan farko ran Lahadi, manoma sun fita shuka.

Takardarki ta same ni a kan lokaci, kada ki ce ta makara. Ran Litinin da la'asar matar Ɗantala ta miƙo mini ita, ina zaune gaban tukunyar, bakin kan ya fara nuna fari. Na karanta, kuma ban raina maganarki ba. Har na ɗauko reza na riƙe. Na dubi bangon ɗakin nan da ni na yaɓe shi da hannuna, na dubi ƙusar da Malam yake rataya rigarsa. Sai idona ya koma kan kalmar nan taki, baɗi. Safinatu, na zauna da mutumin da ya yi ta cewa baɗi har aka ɗauke shi a makara. Wa ya ba ni takardar cewa zan kai? Na mayar da rezar cikin kwalinta.

Na sha shayi kamar yadda kika ce. Ban kira kowa ba, ban kuma rufe ƙofa ba, don ba abin kunya nake yi ba. Bayan isha'i ya fara. A hankali yake yi, in kin zuba masa ido kamar ba ya motsi, in kin ɗauke kai kin dawo sai ki ga ya ƙara. Siraran na waje suka fara miƙewa, sannan fararen na ciki, wani bayan wani, yana ɗan rawa shi kaɗai ba iska. Da ya gama ya kusa faɗin faifai. A cikinsa wasu zarurruka ne masu laushi da ɗan gari rawaya a kansu. Ƙamshin kuwa ba irin na turaren wuta ba ne, mai sanyi ne, yana cika ƙirji. Na ce, "Malam, ga shi fa, ta yi." Na yi kuka, amma ba irin kukan da na saba ba. Daɗi na ji, Safinatu, daɗi sosai, kuma ban ji kunyar jin sa ba.

Can sai ga hasken tocila a bakin ƙofa. Yaya Kande ce. Ta haska ƙasa tukuna, ta haska ƙarƙashin gado, sannan hasken ya faɗa kan furen ya tsaya. Na miƙe na shiga tsakaninsu, don na ɗauka tsinke shi za ta yi. Ta ce, "Matsa, ba taɓawa zan yi ba." Ta daɗe tana kallo.

"Da safe shi ke nan?" ta ce.

"Shi ke nan, Yaya."

"Ilu bai gani ba."

Ta zauna a ƙasa nan bakin ƙofa, ta kashe tocilar, na ji tana jan hanci. Kafin kiran sallah ta tashi ta tafi.

Jiya da hantsi ta dawo da wayata a hannu ta ajiye mini a kan gado. Ta ce ta gani, babu kasko. Amma ita babba ce, ba za ta bi gida-gida tana lashe abin da ta faɗa ba, kuma maganar Baffa ba ta faɗuwa ƙasa haka kawai. Ta ce in na je na durƙusa gabansa a gaban matan gida na ce na tuba da taurin kai, a kuma ba da tukunyar a kai wani wuri, za ta sa baki a bar mini ɗakin.

Na ce, "Yaya, na gode. Wane laifin zan ce na tuba da shi?"

Ta ce, "Ke dai ki faɗa, ai baki ne."

Na ce mata bakin nawa ne, kuma bai iya ba.

Asabar ta sama nake fita takaba. Na kira ƙanena, zai zo da mota ranar Lahadi. Na fara ɗaure kaya. Zan yi kewar ɗakin nan, ba zan yi miki ƙarya ba, jiya ma sai da na yi hawaye ina sauke kwanuka. Amma da-na-sani babu shi a raina ko kaɗan.

Tunda waya ta dawo, ki kira ni kafin Lahadi, akwai abin da nake son sani. Hanyar ƙauyenmu daga Sule Tankarkar duk ramuka ce in an fara ruwa, ganyen nan kuma saurin karyewa gare su. In tattara su in ɗaure da zane ne, ko in bar su a sake in rungume tukunyar a cinyata?

Yayarki,
Jannatu